Salon Italiya ko na Faransa? Ga wanda ƙungiyarsu ke neman kiɗan Barok da za ta kaɗa

Wani ƙanena da ke karatu a Jamus ne ya turo min saƙon murya kusan minti tara, wai Yaya don Allah ka raba mana gardama. Shekara huɗu kenan yana koyon bayolin, gogen Turawa, ya shiga ƙungiyar makaɗa ta ɗalibai, to an ce su zaɓi abin da za su kaɗa a wasan ƙarshen zango, sharaɗin kawai ya zama kiɗan zamanin Barok, wato daga wajen 1600 zuwa 1750. Rabinsu sun ce Vivaldi ko ba komai, wasu biyu sun kafe a kan Lully saboda wani bidiyo da suka gani ya tafi da imaninsu, malamarsu kuma ta ce ita ba ruwanta su sasanta kansu. Na tambaye shi ku nawa ne, ya ce masu bayolin bakwai, mai biyola ɗaya tak, wato yayar bayolin mai ɗan kaurin murya, masu celo biyu, wato babban goge da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, mai babban bas ɗaya, wata mai sarewa, sai mai kibod. Na ce to wannan lissafin da ka ba ni ya riga ya amsa rabin tambayar, amma bari in rubuta a tsanake tunda na san ba kai kaɗai ba ne ke cikin wannan ruɗanin, har masu sauraro kawai suna tambaya ta ina za su fara.

Gardamar nan ta salon Italiya da na Faransa fa ta girmi kakannin kakanninmu. A 1702 wani malamin coci Bafaranshe mai suna Raguenet wanda ya taɓa zuwa Rum ya fitar da ɗan littafi yana fifita kiɗan Italiya, a 1704 Le Cerf de la Viéville ya mayar masa da martani mai zafi yana kare na gida. Su Faransawa suna ganin kiɗan Italiya hayaniya ce da nuna bajinta, Italiyawa kuma suna ganin na Faransa sanyi gare shi kamar ba jini. Abin da zai ba ka mamaki, Lully ɗin da ya gina salon Faransa da hannunsa ɗan Italiya ne, a Fulorens aka haife shi a 1632, yana yaro aka kai shi Faris. Jamusawa kuwa suna tsakiya, suka ɗebi nan suka ɗebi can, shi ya sa zaɓin a gaskiya ba biyu ba ne, uku ne, ni ma har huɗu nake lissafa shi domin Corelli da Vivaldi duk da ƙasarsu ɗaya ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba.

Abubuwan da nake aunawa da su

Na farko kuɗi. Takardun kiɗan kansu kusan kyauta ne, duk waɗannan mutanen sun mutu fiye da shekara 250, ka shiga IMSLP, shafin intanet na takardun kiɗa kyauta, ka sauke ka buga. Inda kuɗi ke tafiya shi ne mutanen da babu a ƙungiyarku dole sai an ɗauko haya, masu busa obo da basun, masu ƙaho, mai tambura, da kuma hayar hafsikod, kibod mai tsirkiya na wancan zamanin, in kun ce lallai sai na gaske, domin shi ɗauko shi aiki ne saita tsirkiyoyinsa ma wani aikin ne daban.

Na biyu sauƙi, kuma nan ne mutane ke rikicewa, domin wahala iri biyu ce. Akwai wahalar yatsu, wadda kana duban takarda za ka gan ta baƙi ƙirin. Akwai kuma wahalar salo, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba, takarda fara tas kamar ta 'yan aji ɗaya amma in ka kaɗa ta yadda take a rubuce sai ta fito lami.

Na uku ƙarko: bayan wata uku ana rihazal za ku ci gaba da son abin ko zai gundure ku, kuma abin da kuka koya zai yi muku amfani a gaba? Na huɗu haɗari, wato in abu ya lalace ranar wasa ta ina zai ɓullo, kuma da mutum nawa aka rataya nauyin.

Corelli, salon Rum

Arcangelo Corelli ya rayu daga 1653 zuwa 1713, mafi yawan aikinsa a Rum ya yi, kuma konceto guroso guda 12 da ake kira Opus 6 a Amsterdam aka buga su a 1714, bayan ya mutu. Tsarin mai sauƙin ganewa ne ga duk wanda ya taɓa jin mawaƙi da 'yan amshinsa: akwai ƙaramin rukuni na mutum uku, bayolin biyu da celo ɗaya, sai babban rukuni da ke amsa musu, wani lokacin su haɗu gaba ɗaya sauti ya cika ɗaki, wani lokacin a bar ukun nan su kaɗai kamar suna raɗa.

Ta fuskar kuɗi babu wanda ya kai shi araha. Ba mai busa ko ɗaya, biyola layi ɗaya ce kawai, kuma a bangon littafin ma an rubuta cewa babban rukunin ganin dama ne, kana iya ninka shi kana iya rage shi. Ka ga ƙungiya mai mutum goma sha ɗaya da mai mutum talatin duk za su iya. Kibod ma ya wadatar in aka sa masa muryar hafsikod ko ta ogan aka rage ƙara.

Sauƙi kuwa, hannun hagu ba ya hawa can ƙololuwar wuyan bayolin, ɗalibi mai shekara uku ko huɗu zai iya zama a babban rukuni hankalinsa kwance. Wahalarsa tana wajen saiti. Corelli yana son ya sa bayolin biyu su riƙe sauti biyu maƙwabta suna gogar juna, sannan ɗaya ya sauko a hankali a samu sauƙi, kafin ka numfasa ɗayan kuma ya sake ɗaurewa, haka a jere kamar sarƙa. In saitinku daidai ne wallahi tsigar jiki ke tashi, in kuwa ɗayanku ya kauce ko da ɗan kaɗan ne kowa a ɗakin sai ya ji. Shi ya sa nake cewa Corelli makaranta ce ta kunne, wanda ya yi wata uku a kansa ya samu abin da zai tafi da shi duk inda za shi, ƙarko kenan. Haɗarinsa kaɗan ne tunda nauyin a kan mutum uku yake ba ɗaya ba, sai dai in kuka kaɗa shi a sanyaye masu sauraro za su fara duba waya. Na takwas, wanda aka yi don daren Kirsimeti, shi kowa ya sani, amma huɗun ƙarshe da aka gina a kan raye-raye sun fi sauƙin shiga hannu.

Vivaldi, salon Benis

Antonio Vivaldi, 1678 zuwa 1741, ya koyar a gidan marayu mata na Pietà a Benis tun daga 1703, kuma ya bar konceto wajen 500. Shi ne ya zaunar da tsarin babi uku, mai gudu, mai sanyi, mai gudu, tare da abin da suke kira ritornello wanda ni amshi nake ce masa kai tsaye, domin aikinsa kenan: duka ƙungiya ta faɗi amshi, gwani ɗaya ya fita ya yi ta zuba bajinta, amshi ya dawo wani lokacin rabi wani lokacin a wani sautin daban, gwani ya sake fita. Kunnen Bahaushe ba ya shan wahala da wannan ko kaɗan, ni dai ta nan na shiga kiɗan Barok gaba ɗaya.

Kuɗi kusan daidai da Corelli in kuna da gwanin a cikin gida. In babu shi sai an ɗauko, to nan ne aljihu zai ji a jikinsa. Sauƙi kuma rabe yake gida biyu, 'yan amshi suna hutawa, sau da yawa sauti ɗaya suke maimaitawa da gudu, shi kuwa na gaba gumi yake yi. Kuma ga matsalar da ba a faɗa wa ɗalibai: in wasanku duka konceton mutum ɗaya ne, goma daga cikinku za su yi wata uku suna raka mutum ɗaya, a sati na shida za ka ga an fara latti an fara ba da uzuri.

Haɗarin na gan shi da idona. Wata shekara ƙungiyar da nake ciki muka ɗora wasanmu kacokan a kan wata yarinya mai hannu ƙwarai, saura kwana biyu ta zame a matakala wuyan hannunta ya kumbura, ta zo rihazal na ƙarshe da bandeji tana hawaye tana cewa za ta gwada, ta ɗaga izga ta ja layi biyu ta ajiye. Babu wanda ya san rabonta a cikinmu. Muka cike gurbin da abin da muka kaɗa a zangon baya, mutane sun tafa amma mu mun san abin da muka rasa, ita kuma ta daɗe tana ɗora wa kanta laifin da ba nata ba. Tun daga ranar ba na yarda a rataya wasan ɗalibai a wuyan mutum ɗaya.

Mafita tana cikin Vivaldi ɗin kansa. L'estro armonico da aka buga a Amsterdam a 1711 yana da konceto na bayolin biyu da na bayolin huɗu, na takwas na biyu ne, na goma na huɗu ne, na sha ɗaya bayolin biyu da celo, sai a raba nauyi. Akwai kuma waɗanda babu gwani sam a cikinsu, irin Alla rustica, gajere ne kuma duka ƙungiya ke gudu tare. Wanda zan ce ku yi hattara da shi shi ne Lokuta Huɗu na shekara, wanda aka buga a 1725. Ba don ba shi da kyau ba, a'a, sai don kowa ya ji shi daga hannun manyan gwanayen duniya har a layin jiran waya, ko wanda bai san kiɗa ba zai gane in kun yi tuntuɓe.

Lully da Rameau, salon Faransa

Nan zan daɗe, domin shi ne na fi so kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Kiɗan Faransa kiɗan fada ne, kuma kiɗan rawa ne. Sarki Louis na 14 da kansa ɗan rawa ne, a 1653 ya yi rawa a dandali ɗaya da Lully. Fadar tana da ƙungiyar masu goge 24 na sarki, tana da masu busa na bargar dawaki don hawa da bukukuwa, wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan sallah ya ji algaita da kakaki da tambura zai gane manufar nan take, sauti ne da ke cewa ga mai ƙasa nan tafe. Obo ɗin ma 'yar'uwar algaita ce, dukansu da beli biyu ake busa su, kuma a hannun makaɗan fadar Faransa ta samu siffar da ta bazu Turai da ita. Lully ya shahara da horo mai tsanani, izgar kowa sai ta sauka tare ta tashi tare, kuma har mutuwarsa a 1687 daga wajen aiki ta zo, sandar da yake buga ƙasa da ita don ba da lokaci ce ta sauka a ƙafarsa, ciwon ya ruɓe ya ƙi yarda a yanke.

Abin da Faransa ta ba duniya biyu ne. Akwai mabuɗi, in za ka nema rubuta Ouverture: yana farawa da tafiyar ƙasaita, dogon sauti sai gajere mai kaifi, dogo sai gajere, kamar taku na mai alkyabba, daga nan sai babi mai gudu inda layuka ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna bin juna. Sai kuma jerin raye-raye da ke biyo baya, minuwet, gabot, bure, saraband, da shakon mai tsawo da ake rufewa da shi.

Kuɗi: a nan ƙanena ya fara cin karo. Lully layi biyar yake rubutawa, bayolin a sama, bas a ƙasa, uku na tsakiya duk dangin biyola ne masu girma daban daban. Ku kuma biyola ɗaya gare ku. Ana iya dabara a ba wasu masu bayolin layin tsakiya na sama, amma sauran biyun fa? Sai haya, ko a sake rubuta kiɗan, kuma in aka cire cikin nan mai kauri an cire abin da ya sa sautin Faransa ya zama na Faransa. Ga obo biyu da basun da ake so don wuraren da su uku ke fita su kaɗai. Takardu ma akwai aiki, tsofaffin bugun Faransa suna amfani da makullan da ɗalibin yau bai saba karantawa ba, wato alamomin farkon layi da ke nuna sunan sautuka, dole wani ya zauna ya kwafe su a kwamfuta ko ku sayi bugun zamani.

Sauƙi: yatsu hutu suke, wallahi wani minuwet ɗin ɗan shekara biyu da fara koyo zai karanta shi. Amma abin da ke rubuce ba shi ake kaɗawa ba. Sautuka gajeru da aka rubuta daidai wa daida ana kaɗa su da ɗan ɗingishi, na farko ya ɗan fi tsawo na biyu ya ɗan gajarta, kuma yawan ɗingishin ya danganta da irin rawar, ba a auna shi da ma'auni. Ga wata 'yar alama kamar kuros a saman sauti, ma'anarta yi ado a nan, wane irin ado kuma kai za ka sani. Ga dokar izga, wadda ta ce bugun farko na kowane gida, wato abin da ke tsakanin layi biyu a takarda, da saukar izga ake yinsa, ko da kuwa sai ka ɗaga ka sake saukewa. Mun san waɗannan dalla-dalla ne saboda Georg Muffat, wanda ya yi karatu a Faris yana saurayi daga baya ya je Rum ya haɗu da Corelli, ya zauna a 1698 ya rubuta wa Jamusawa bayanin yadda ake goge irin na Lully, a harsuna huɗu.

Ban fahimci wannan ba sai ranar da wata dattijuwa da ta zo koya mana ta dakatar da mu a tsakiyar minuwet. Ta ce kowa ya ajiye kayansa a kan kujera. Ta jera mu a bango ta cire takalmi ta nuna mana takun, ɗan durƙuso sai a miƙe a kan yatsun ƙafa, kuma takun ɗaya bugu shida yake ci, gida biyu kenan ba ɗaya ba. Muka yi ta zagaya ɗakin kusan minti ashirin tana tafa hannu. Da muka koma muka ɗauki izga, abin da muke ta dannawa kowane bugu uku kamar masu daka sai ya tashi sama da kansa, mai celo da ke gefena ta juyo ta kalle ni ba ta ce komai ba. Takarda ɗaya ce, mutane ɗaya ne, amma kiɗan ya zama wani abu daban. Wannan shi ne ƙarkon salon Faransa, in ya shiga jikinka ba ya fita, kuma duk wani minuwet ko gabot na Bach da Handel da za ka taɓa nan gaba sai ka ji ya buɗe maka.

Haɗarin kuwa shi ne in babu mai nuna muku, ba za ku ma san kun kuskure ba. Babu wanda zai ɓace, babu wanda zai tsaya, kawai dai masu sauraro za su ji raye-raye takwas gajeru duk kamar abu ɗaya su ce ashe gaskiyar Italiyawa ce.

Rameau, 1683 zuwa 1764, ya zo daga baya, yana da shekara 50 ya fitar da wasan opera ɗinsa na farko a 1733, kuma launin sautinsa ya fi na Lully yawa nesa ba kusa ba, basun ɗinsa har sama yake hawa yana waƙa. Rawar Les Sauvages daga wasansa Les Indes galantes na 1735 ko jariri ya ji sai ya motsa. Amma yatsu sun fi shan wuya, masu busa dole ne, kuma a kula da tsohon bugun ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 da ke yawo kyauta, domin editocin lokacin sun yi wa wasu ayyukan ƙari a rabon kayan kiɗa.

Gaurayen Jamus

Su Jamusawa ba su ɓoye ba, Quantz, mashahurin mai sarewa, a littafinsa na 1752 gauraye ya kira salonsu kuma yana alfahari da shi. A fadar Dresden shugaban masu goge Volumier tarbiyyar Faransa gare shi, wanda ya gaje shi Pisendel kuma ɗalibin Vivaldi ne. Bach yana Weimar wajen 1713 ya zauna ya mayar da konceton Vivaldi na ogan da hafsikod don ya gane sirrin ginin, kuma shi ɗin ne dai ya rubuta jerin raye-raye huɗu na ƙungiya da kowanne ke farawa da mabuɗin Faransa, sai ka shiga babi mai gudu ka tarar da amshi irin na Benis a ciki. Handel ya zauna Italiya daga 1706 zuwa 1710, ana ma ba da labarin cewa Corelli ya taɓa kasa gamsar da shi a wani mabuɗi ya ce masa wannan salon Faransa ne ni ban san shi ba. A 1739 a Landan Handel ya rubuta nasa konceto guroso 12 cikin kusan wata ɗaya, tsarin mutum uku irin na Corelli, amma na biyar da na goma da mabuɗin Faransa suka fara.

Kuɗi a nan ya danganta da abin da ka ɗauka. Jeri na uku na Bach, mai Air ɗin nan da ake sawa a bukukuwan aure, yana son ƙaho uku da tambura da obo biyu, kuma ƙahon Bach ba kowane mai busa ke iya hawansa ba, wannan ya fi ƙarfin aljihun ɗalibai. Na biyu sarewa ɗaya ce da masu goge kawai, araha, amma mai sarewar sai ta kasance gwana ta gaske domin Badinerie, babin ƙarshe mai gudu, ba ta da tausayi. Bach gaba ɗaya ba ya barin kowa ya huta, mai biyola ma aiki yake kamar na gaba, daɗinsa kenan wahalarsa kenan, in mutum ɗaya ya ɓace a babi mai bin juna yana iya jan rabin ƙungiya.

Wanda ake mantawa da shi shi ne Telemann, 1681 zuwa 1767, wanda jerin raye-rayensa sama da ɗari suka iso gare mu. Mutumin nan ya san 'yan koyo, ya san yadda zai sa abu ya yi daɗi a kunne ba tare da ya karya yatsu ba, kuma da yawa layi huɗu ne, biyola ɗaya ta isa. Na Don Quichotte masu goge ne zalla, akwai inda ake faɗa da injinan iska kowa na gudu, masu sauraro suna murmushi. Akwai kuma na A maino, wato sunan sautin da aka gina shi a kai, na sarewa da masu goge, a cikinsa ma akwai babi da ya kira waƙa irin ta Italiya a tsakiyar raye-rayen Faransa.

| Zaɓi | Kuɗi | Wahalar yatsu | Wahalar salo | Ƙarko | Inda haɗari yake |
|---|---|---|---|---|---|
| Corelli | Kaɗan ƙwarai | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Sosai | Saiti, da sanyin jiki |
| Vivaldi | Kaɗan, in akwai gwani a gida | Gwani sosai, saura kaɗan | Kaɗan | Matsakaici ga 'yan amshi | Mutum ɗaya |
| Lully | Da yawa: biyola, obo, basun, takardu | Kaɗan | Sosai | Sosai | Rashin mai nunawa |
| Rameau | Da yawa | Sosai | Sosai | Sosai | Masu busa, bugun takarda |
| Telemann | Kaɗan | Matsakaici | Matsakaici | Mai kyau | Kaɗan |
| Bach da Handel | Daga kaɗan har sama | Sosai, musamman Bach | Matsakaici zuwa sosai | Har abada | Ɓacewa a tsakiya |

Wa ya dace da wanne

In kai mai sauraro ne kawai, data ce kuɗinka, to fara da Vivaldi daga hannun Il Giardino Armonico ko Europa Galante, sannan Corelli daga The English Concert, in kunnenka ya zauna ka nemi Lully na Jordi Savall da Rameau na Marc Minkowski, kuma ka nemi bidiyon da ake rawar a ciki ba sauti kawai ba, Atys, wasan opera na Lully, daga hannun Les Arts Florissants zai nuna maka abin da nake nufi. Kada ka yi mamaki in ka ji sautinsu ya ɗan yi ƙasa da wanda ka saba, da yawansu a 415 suke saiti maimakon 440, wato yawan kaɗawar sautin A a daƙiƙa ɗaya, masu kiɗan Faransa wani lokacin har 392. Kuma Adagio ɗin nan da ake jingina wa Albinoni kada ka auna salon Italiya da shi, a 1958 Giazotto ya fitar da shi.

In ƙungiyarku sabuwa ce ba ku gama sanin kunnen juna ba, Corelli. In kuna da gwanaye biyu ko huɗu da ke neman fili kuma kuna son ɗaki ya cika, Vivaldi na L'estro armonico. In kuna da biyola uku, da masu obo, da wanda ya san rawar ko aƙalla malami da zai zauna da bayanin Muffat, to ku shiga Lully kai tsaye kada ku ji tsoro, ku ne kuka fi kowa sa'a. In kun shekara da shekaru tare kuma kowa na iya riƙe layinsa ko ana ruwa ana iska, Handel na 1739 sannan Bach.

Shi kuwa ƙanena, da masu bayolin bakwai da biyola ɗaya da mai sarewa, na ce ya kai musu wannan: su buɗe da konceto ɗaya na Corelli, su sa na takwas na Vivaldi a tsakiya don masu son gudu su samu nasu kuma nauyin ya rabu a kan mutum biyu, su rufe da Telemann na A maino don mai sarewa ta samu fili, su biyun nan masu son Lully kuma su samu mabuɗinsu da minuwet ɗinsu. Na ce kuma ya roƙi malamarsu rihazal ɗaya kacal da za a ture kujeru gefe a koyi takun minuwet da ƙafa. Ya ce Yaya ai za su yi min dariya, na ce ka bari su yi, kai dai ka tabbata an cire takalmi.